Littafin da Ba a Yage Masa Shafi

A sansanin 'yan gudun hijira na Azraƙ da ke hamadar ƙasar Jodan, 'yar Siriya takan shiga kanti ta ɗebi shinkafa da mai da sukari, ta iso wurin biya ba ta riƙe da kuɗi, ba ta riƙe da kati. Sai ta dubi wata 'yar na'ura, na'urar ta karanta ƙwayar idonta, a cire kuɗin kayan daga tallafin da aka ware wa gidanta. Hukumar Abinci ta Duniya ce ta fara wannan tsari a sansanin a 2017 da mutum kusan 10,000, daga baya ta faɗaɗa shi ya haɗa da sansanin Za'atari, masu cin gajiyarsa suka haura 100,000. Abin da ke riƙe da lissafin kowane ciniki shi ne fasahar da ake kira bulokcen.

Sunan ne baƙo, amma duk matar da ta taɓa zubin adashi za ta gane manufar. A adashi, littafi ɗaya ne, yana hannun uwar adashi. In ta rubuta daidai, lafiya lau. In ta goge wani zubi, ko littafin ya jiƙe a damina, sai rantsuwa da kai ƙara wurin mai unguwa. To, a ce kowace 'yar adashi tana da nata kwafin, kuma duk zubin da aka yi yana bayyana a littattafan gaba ɗaya lokaci guda. Wadda ke son ha'inci sai ta bi gida-gida ta gyara na kowa.

Haka bulokcen yake, sai dai kwamfutoci ne ke riƙe da kwafin, wani lokaci dubbai, a ƙasashe daban-daban. Ana tara cinikayya a shafi guda, a rufe shi da wani tambari na lissafi da ake fitarwa daga abin da ke rubuce a cikinsa. Shafi na gaba yana ɗauke da tambarin wanda ya gabace shi, don haka shafukan suke sarƙe da juna. Wanda ya taɓa lamba ɗaya a tsohon shafi, tambarin zai canza, ya daina dacewa da na gaba, sauran kwamfutocin su yi watsi da kwafinsa. Wani da ya kira kansa Satoshi Nakamoto, wanda har yau ba a tabbatar da ko wane ne ba, shi ya bayyana tsarin a 2008, kuma a Janairun 2009 kuɗin intanet na Bitcoin ya fara aiki a kansa. A littafin Bitcoin ana rufe sabon shafi kusan kowane minti goma.

Inda wannan littafi zai fi taɓa rayuwar talaka, in aka tambayi mai shari'a ko dagaci, shi ne batun fili. Kowa ya san labarin fuloti ɗaya da dillali ya sayar wa mutum uku, kowanne da takardarsa da shaidunsa, ko fayil ɗin da aka ce ya ɓace a ofis daidai lokacin da magada suka zo nemansa. Ƙasar Jojiya ta gwada maganin haka. A 2016 hukumar rajistar filayenta ta haɗa hannu da kamfanin Bitfury, ta riƙa ɗora tambarin kowace takardar mallaka a kan littafin Bitcoin. Daga nan, ko ma'aikacin hukumar ba zai sauya sunan mai gida a ɓoye ba tare da asirinsa ya tonu ba.

Sai dai akwai abin da masu tallata fasahar ba su cika faɗa ba. Tun 2004 Jojiya ta fara gyara ofishin filayenta, ta zuba bayanai a kwamfuta, ta rage cin hanci. Bulokcen ya tarar da gida a share ne. Honduras, inda kamfanin Factom ya sanar da irin wannan shiri a 2015 alhali takardunta na cike da ruɗani, ba ta kai ko'ina ba. Dalilin a fili yake: littafin yana gadin abin da aka rubuta a cikinsa, amma bai san ko gaskiya aka rubuta ba. In aka shigar da sunan wanda ya ƙwace gonar marayu, haka zai adana sunan da amana. A Najeriya, inda dokar filaye ta 1978 ta ɗora ikon ƙasa a hannun gwamna, kuma akasarin gonakin karkara ba su da takardar gwamnati, aikin farko na masu awo ne da alƙalai.

Haka abin yake a kasuwa. Kamfanin Walmart na Amurka ya gwada bin sawun mangwaro daga kanti zuwa gonar da ya fito. Ta tsohuwar hanya aka shafe kusan mako guda, da bulokcen kuwa daƙiƙa 2.2. Amma TradeLens, babban shirin bulokcen da kamfanonin Maersk da IBM suka kafa don takardun jiragen ruwa, an sanar da rufe shi a ƙarshen 2022, domin abokan hamayyar Maersk ba su shigo yadda ake buƙata ba.

A Arewacin Najeriya kuwa ta ƙofar neman kuɗi fasahar ta shigo. A 2024 da wuya a wuce majalisar samari ba a ga masu dangwalar fuskar waya ba, suna mainin, wato tara maki a manhajoji, suna jiran ranar fashewa, ranar da makin zai zama kuɗi. Notcoin ta fashe a watan Mayu, wasu suka samu abin kirki, labari ya bazu har dattawa suka sa hannu. Da Hamster Kombat ta fashe a Satumba, da yawa ba su mayar da kuɗin datar da suka ƙona ba. A Afrilun 2025 dandalin CBEX ya rufe da kuɗin jama'a, hukumar EFCC ta shiga bincike. A irin wannan hali, abin da ake yabon littafin da shi shi ke zama masifa, domin kuɗin da aka tura wa ɗan damfara ba manajan bankin da zai dawo da su.

Gwamnati ma ta yi ta kai-komo. A Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da masu kirifto, wato kuɗin intanet irin Bitcoin, a ranar 25 ga Oktoban shekarar Shugaba Buhari ya ƙaddamar da eNaira, nairar intanet ta Babban Bankin, sannan a Disambar 2023 aka janye haramcin. Wani nazarin Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ya fito a 2023 ya gano cewa kashi 98.5 cikin ɗari na asusun eNaira da aka buɗe ba a taɓa su a kowane mako. Mai shayi da mai kayan miya sun riga sun saba da tiransifa da na'urar POS, ba su ga abin da sabon kuɗin ya ƙara musu ba. A ɗaya gefen, kamfanin Chainalysis ya ƙiyasta cewa kirifton da ya shigo Najeriya daga Yulin 2023 zuwa Yunin 2024 ya kai dala biliyan 59, kuma dokar zuba jari da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2025 ta mayar da kula da harkar hannun hukumar SEC.

Jihar da ke sha'awar abin da Jojiya ta yi, sai ta fara auna filaye, ta warware rigingimun iyaka, ta zuba fayiloli a kwamfuta. Kafin nan, wanda zai sayi fuloti a bayan gari ya ci gaba da zuwa da shaidunsa, ya kuma taka ofishin filaye ya duba fayil ɗin da idonsa kafin ya biya ko sisi.