Magi Ba Na Faransa Ba Ne

 Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo bakin masu labarai, ta faɗo kasuwa, har ta ci wa waɗansunmu uwar kuɗi. Watau zancen wai magi kayan Faransa ne.

Kun tuna shekarar 2023, da soja suka karɓi mulki a Nijar cikin watan Yuli, aka rufe iyaka, Kamba ta yi tsit. Lokacin nan muka ji mai shiri a rediyo yana lissafa kayan Faransa da za su yanke, ya sa magi ciki. Wani abokin cinikinmu ya kwashe jarinsa ya sari katan-katan a Jega ya kulle a ɗaki, yana jiran ranar da za a nema a rasa. Motoci kuwa ba su fasa zuwa daga kudu ba. Damina ta shiga kayan, dunƙulen ya yi laushi ya manne da takarda, dole ya karyar.

Ga yadda abin yake. Mutumin da ya ƙago shi sunansa Julius Maggi, ɗan ƙasar Suwizalan, mai injin niƙa a wani gari Kemptthal. Ubansa daga Italiya ya zo. A 1886 ya fitar da magin ruwa na kwalba, dunƙulen kuwa sai a 1908. A 1947 kamfaninsa ya haɗe da Nestlé, shi ma na Suwizalan. Wanda muke sayarwa a tire a nan ƙasar ake buga shi, jihar Ogun, a Agbara da Shagamu. To ina ruwansa da iyakar Kamba? Kuɗin gas na mota da darajar naira su ka ɗaga shi, su ka sauke shi.

Kuskuren nan ba yau aka fara ba, kuma Faransawa da kansu sun taɓa yin wanda ya fi namu muni. Maggi ya zauna birnin Faris, ya buɗe shagunan madara masu yawa. Wata jarida ta can, Action Française, ta dinga rubuta wai kamfanin na Jamusawa ne, 'yan leƙen asiri. Da yaƙi ya ɓarke a watan Agusta 1914, sai jama'a suka far wa shagunan suka farfasa suka wawashe. Ka ji fa: a Faransa an ce na Jamus ne, mu nan an ce na Faransa, shi kuwa ba ko ɗaya. Na Jamus na ainihi shi ne Knorr, wanda aka kafa a Heilbronn a 1838.

Farin magi kuma wasu masu rubutu sukan ce na Sin ne. Nan akwai rabin gaskiya. Wani malamin jami'a a Japan, Kikunae Ikeda, shi ya gano sinadarin cikin ciyawar teku a 1908, aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto a 1909. Amma yau ƙasar Sin ta fi kowa yinsa, kuma yawancin na buhu marar suna daga can yake. Shi wannan dala yake bi, don garin daga waje ake shigo da shi, a ƙulla a leda a Legas. In dala ta motsa, ku duba shi kafin ku duba dunƙule.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne daddawa. Sai ka ga an rubuta wai kayan miyan Yarbawa ne mai suna iru, ko na Mali mai suna sumbala, kamar matan Malisa jiya suka koyi dafa kalwa. Daddawa ba ta da tuta. Duk inda ɗorawa ta tsiro, daga Sanagal har Cadi, ana yinta, kowa da sunan da yake kira. A Gana dawadawa suke cewa. Ita ɗorawar ma a littattafan Turawa Parkia suka sa mata a 1826, don tunawa da Mungo Park, Baturen da ya bi Kwara ya wuce Yawuri ya halaka a Busa a 1806. Bishiyar kakanninmu, sunan baƙo mai wucewa!

Mai son sarin kalwa ya shirya kuɗinsa da bazara, lokacin da ake kaɗo ɗorawa, kafin 'yan kudu su iso da motocinsu. Ya duba ta bushe sarai, ya sa hannu har gindin buhu, don akan cika da tsakuwa.

Allah shi ba mu kasuwa mai albarka. Haza wassalam.