Mai Juna Biyu da Hawan Kwale-kwale

Bayan ƙaramar Sallah wata baiwar Allah ta zo awo, 'yar wajenmu ce, Mahuta, cikinta wata shida. Na gama auna ta, tana gyara zani sai ta ce, "Sista, ashe haka shiga jirgin ruwa yake da daɗi?" Wai sun je yawon Sallah wurin dangin maigidanta da ke kusa da wani dam, samari suka biya wani masunci ya zaga da su a kwale-kwale, ita ma ta shiga. Na tambaye ta ko an ba ta rigar ruwa, wadda ke hana mutum nutsewa. Dariya ta yi, ta ce ba ta taɓa ganinta ba.

Mu mutanen ƙasar Funtuwa da Malumfashi manoma ne, ba 'yan bakin kogi ba, kuma da wuya ka sami macen da ta iya iyo a cikinmu. Amma akwai madatsun ruwa irin su Mairuwa da Gwaigwaye, ga kuma rafuka da ke cika da damina. Mun kuma ga abin da ruwa ya yi a wasu wurare. A ƙarshen watan Nuwamba na 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai ta Jihar Kano, mutum 29 aka tabbatar sun rasu a lokacin, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. A watan Mayu na 2022, cikin hidimar Sallah, wani ya kife a Mai'aduwa ta Jihar Katsina, aka rasa mutum fiye da goma, mafi yawansu yara. Duka biyun ranakun farin ciki ne, kuma a irin ranakun ne ake cika jirgi fiye da ƙima.

Haɗarin mai ciki ya fi na sauran mutane. Daga wata biyar zuwa sama nauyin jikinta yana rinjaya gaba, gaɓoɓinta kuma suna saki saboda jiki yana shirin haihuwa. Shi ya sa take yawan tuntuɓe ko a tsakar gida, balle a kan abin da ke tangaɗi. Ga jiri, musamman ga mai ƙarancin jini, ga tashin zuciya ga mai ƙaramin ciki. Idan kuwa ta faɗa ruwa, numfashinta ba ya jurewa kamar na wadda ba ta da ciki, domin iskar da take shaƙa ta mutum biyu ce. Zani da dogon hijabi idan sun jiƙe sai su naɗe ƙafa da hannu.

Saboda haka shawarata ita ce, idan yawon shan iska ne kawai, 'yar'uwa ki haƙura sai kin sauka lafiya. Ki zauna a inuwa a bakin ruwa ki sha kallo. Idan kuma fito ne na dole, babu wata hanya, to ki duba jirgin kafin ki taka. In kin ga bakinsa ya kusa shafar ruwa, ko an ɗora babura da buhunan masara tare da mutane, ko wani yana ta kwashe ruwa daga ciki, ki jira sahu na gaba. Kada ki shiga bayan magariba, ko lokacin da hadari ya haɗo. A riƙe miki hannu wajen shiga da fita, domin a nan aka fi zamewa. Ki zauna a tsakiya, ƙasa-ƙasa, kada ki miƙe sai jirgi ya tsaya. Ki kwance goyo ki ba wani babba ya riƙe. Inda akwai rigar ruwa ki sa ta, a ɗaure ta sosai a ƙirji. Ba ta cutar da ciki. Maigida, sayen wannan riga bai kai kuɗin ragon suna ba.

Idan tsautsayi ya auku, wanda bai iya ruwa ba kada ya faɗa don ceto. A miƙa gora ko igiya, ko a jefa jarka marar komai da aka rufe bakinta. Da an fito da ita, akwai abin da na roƙe ku kada ku yi: danna ciki wai don a fitar da ruwan da ta sha. Wannan al'ada ba ta taimakon kowa, tana jawo amai ya shige huhu, ga mai ciki kuwa tana iya kashe ɗan. In tana numfashi, a kwantar da ita a gefen hagu, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe ta. In ba ta numfashi, a kwantar da ita rigingine, a ɗaga haɓarta, a hura mata iska baki da baki sau 5, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 30 ana hura iska sau 2, har numfashi ya dawo ko a sami ma'aikacin lafiya.

Ko da ta tashi garau, ko da zamewa kawai ta yi cikinta ya bugi gefen jirgi, a kawo ta asibiti a ranar. Bugu yana iya sa mabiyiya ta ɓalle daga jikin mahaifa, kuma wani lokaci jinin yana taruwa a ciki ba a gani a waje. Mace tana hira, alhali abin da ke cikinta yana galabaita. Mukan ajiye ta na wasu awoyi muna sauraren bugun zuciyar ɗan. Bayan an koma gida, in an ga jini, ko ruwa ya fashe, ko ciki ya yi tauri da ciwo, ko motsi ya ragu, a dawo ko tsakar dare ne. A zo da katin awo, domin wadda jininta yake Rh negatif tana bukatar wata allura cikin awa 72.

Akwai kuma cutar da ruwan dam ke bayarwa ko jirgi bai kife ba, wato tsargiya. Ƙwayarta tana fitowa daga ƙananan dodon koɗi, ta huda fata yayin da aka taka ruwa za a hau jirgi, ko ana wanki a gefe. Mun saba ɗaukar ta ciwon yara maza masu fitsarin jini, amma tana kama mata, tana ƙara ƙarancin jini, tana kuma kawo ƙaiƙayi da zubar ruwa a gaba, har a yi ta shan maganin sanyi a banza. Tana da magani, praziquantel, kuma tun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba masu ciki. Kada dai ki saya da kanki a kemis, don da nauyin jiki ake auna shi. Ki gaya mana kin shiga ruwa, mu gwada fitsarinki.

Wadda kuma rafi ya raba gidanta da asibiti, kuma watan haihuwarta ya faɗo a Agusta ko Satumba, ta yi magana da maigida da uwar miji tun cikin yana wata bakwai. Da ya shiga wata tara, ta koma wurin dangi a Funtuwa, Malumfashi ko Kafur, tare da kayan haihuwarta da wanda zai iya ba ta jini.