Rediyon Dijital da Duwatsun Adar: Mu Sani Tun Kafin Ya Iso

Duk wanda ya taɓa barin Birnin Ƙonni da rediyo a kunne, ya nufi Malbaza ko ya kama hanyar Tawa ta Badagishiri, ya san abin da ke faruwa. Kana bisa fako, murya tangaran. Da ka gangara kwari, sai shuuu, sai jujjuya eriya. Laifin ba na akwatin ba ne. Zangon FM, daga mita 87.5 zuwa 108, miƙe yake tafiya kamar hasken tocila, tsauni kuwa ba ya kauce masa. Shi ya sa mai noman albasa a fadamun Magiya kan rasa labarin da na bisa tudu ya ji sarai.

Rediyon dijital yana mayar da murya lambobi, irin na kwamfuta, kafin ya watsa ta. A tsarin DAB+, na'urar watsawa guda tana ɗaukar tashoshi fiye da 10, sai kuɗin wuta ya ragu wa kowace. Babbar fa'idarsa ga ƙasa irin tamu ita ce ana iya dasa ƙananan na'urori a tuddai daban-daban, duka kan mita ɗaya, suna cike wa juna giɓi. Amsa-kuwwar da dutse ke maidowa, wadda ke dagula FM, shi ƙarfi take iya ƙara masa.

Ƙasashen tsaunuka ne suka yi gaba. Norway ta rufe tashoshin FM na ƙasa baki ɗaya a 2017, rediyon gwamnatin Suwizalan ya bi sahu a ƙarshen 2024. A Afirka ta Yamma, Ghana ta fara gwaji a Akara da Kumasi a watan Agusta 2023.

Amma kowane allazi da nasa amanu. FM idan ya yi rauni, kana tsintar magana cikin hayaniya. Dijital kuwa ko ka ji fes, ko ya yi tsit. Ƙauyen da aka manta a bayan dutse ba zai samu ko shuuu ɗin ba. Tsohon akwatinka ba ya kama shi, sai sabo, kuma sabon ya fi tsada, ya fi cin batir. Rediyon karkara da ke sanar da suna, rasuwa, ɓatan dabba da ranar rigakafi, da wane kuɗi zai biya hayar shiga na'urar watsawa? Ga kuma iyaka: mutanen Ƙonni da na Sakkwato suna sauraron juna. Akwai wani tsarin mai suna DRM, wanda Indiya ke aiki da shi a matsakaicin zango. Idan Nijar ta ɗauki wannan, Najeriya ta ɗauki wancan, za a gina katanga a sararin da bai taɓa sanin kwastan ba.

Abubuwa uku ake rikita mutane da su. Na farko, TNT maganar talabijin ɗin dijital ce, ba ta rediyo ba. Wa'adin komawa dijital na 17 ga Yuni 2015 da yarjejeniyar Janeba ta 2006 ta yanka bai shafi FM ba. Na biyu, akwatin da ke nuna lambobi a fuska ba lalle ne ya zama na dijital ba. Na uku, sauraro ta intanet daban ne, kuɗin kati yake ci, rediyo kuwa kyauta ake kama shi.

Don haka kada kowa ya jefar da rediyonsa, kada kuma ya sayi sabo sai ya tabbatar akwai tashar da ke watsawa a yankinsa. In sayen ya zama dole, a nemi mai haɗe da FM.

Ga magadan gari, sarakuna da masu tashoshi, yanzu ne lokacin magana. Duk ranar da za a zana taswirar dasa na'urori, a nemi a auna kwaruruwan Dogerawa, Galmi, Tajaye da Illela, a ware wa rediyon karkara gurbi mai sauƙin kuɗi, a bar rediyon gwamnati, Muryar Sahel, a FM har sai akwatin ya shiga kasuwannin ƙauye a farashin talaka. Makiyayin da ke rataye da rediyo a bayan tsauni, da shi za a auna ko aikin ya yi.