Canki-Canka Mai Hujja a Jarrabawar Alƙalan Ƙwallo

Kafin a damƙa wa mutum usur, sai ya zauna jarrabawa a kan dokoki 17 na ƙwallon ƙafa, waɗanda hukumar IFAB, da aka kafa a 1886, ke kula da su. Sau da yawa tambaya kan zo da amsoshi huɗu. Wanda ya rufe ido ya zaɓa, damarsa ɗaya ce cikin huɗu. Wanda ya iya zubar da amsa biyu kuwa, ta koma rabi da rabi.

Abu na farko da gogaggen alƙali ke tambayar kansa shi ne: ana cikin wasa aka yi laifin, ko ƙwallo ta riga ta fita? A ce ana jiran bugun kusurwa, sai ɗan baya ya naushi ɗan gaba a cikin yadi sha takwas. Sabon shiga zai garzaya ya zaɓi fenareti, alhali hukuncin jan kati ne, sannan a ci gaba da bugun kusurwar. Laifin da aka yi wasa na tsaye ba ya sauya yadda za a ta da shi. Wannan ƙa'ida kaɗai ta isa ta kawar da amsoshi da dama.

Sai a yi hattara da amsoshi masu kalmomi irin su "kullum" da "ko ta yaya". Dokokin cike suke da togaciya: ba kowace taɓa ƙwallo da hannu ce laifi ba, kuma babu satar gida ga wanda ya karɓi ƙwallo kai tsaye daga jifa ko bugun kusurwa. Amma akwai inda doka ba ta da sassauci. Jifa ba ta zama ci kai tsaye, kuma wanda ya buga bugun tazara kai tsaye cikin ragarsu, kusurwa ake ba abokan hamayya.

Tarko mafi haɗari shi ne amsar da a da daidai ce. Shekara da shekaru, mai tsaron raga da ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 6 kan jawo bugun tazarar da ba a ci da shi kai tsaye. Tun 2025 an mayar da wa'adin daƙiƙa 8, hukuncin kuma bugun kusurwa. Mai dogaro da abin da ya saba gani a filin unguwa, nan yake faɗuwa.

Sababbin gyare-gyare kan fara aiki ranar 1 ga Yuli, kuma IFAB na saka littafin dokokin kyauta a intanet. Mai shirin jarrabawa ya fara da shafukan da suka jero abin da aka sauya a bana.