Halin Kirki Ba Ya Tafiya Sai Da Hankali

A ce abokinmu ya zame ya faɗa ruwa a dam ɗin Challawa da ke Ƙaraye, mu kuwa ba mu iya iyo ba. In muka tsunduma, gawa biyu za a tsamo. In muka tsaya kallo, mun ci amanar abota. Mai hankali sai ya miƙa gora ko ya jefa igiya, yana ƙwala wa masunta kira. Duk niyyar ɗaya ce, amma dabara ce ta raba jarumta da ganganci.

Masanin falsafar Girka, Aristotle, wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya koyar cewa halin kirki ba ya cika sai da sanin ya kamata: gane abin da ya dace, da lokacinsa, da gwargwadonsa. A 1958 wata masaniya 'yar Ingila, Elizabeth Anscombe, ta farfaɗo da wannan tunani, inda ta ja hankalin masana daga jera dokoki zuwa duba halin mutum.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A 1974 aka buga laccar Anthony Kirk-Greene a kan mutumin kirki a wajen Bahaushe. Cikin halaye 10 da ya lissafa, akwai hankali da hikima, tare da gaskiya, amana da kunya.

Matsalar ita ce halayen nan kan yi karo. Abokin karatunmu a Rogo ya faɗa mana a asirce cewa ya fara shan ƙwaya. Amana ta ce mu yi shiru, gaskiya ta ce mu faɗa. Tona shi a gaban aji cin mutunci ne, rufa masa kuma taya shi halaka ne. Hankali shi ke nuna mana mu fara yi masa nasiha mu kaɗai. In ya ƙi, mu sanar da shi za mu je wurin yayansa ko malamin da yake jin maganarsa, sannan mu je.

Ba a haddace wannan kamar jadawalin lissafi. Ana koyonsa da gwaji da zama da manya. In an tara manomi da makiyayi a ƙofar dagaci kan ɓarnar gona, mu matsa kusa mu ji wa ake fara saurara, da yadda ake kimanta diyya. Hausawa sun ce hankali ke gani, ido gululu ne.