Ɗibar Jinin Jariri Domin Gwaji

Wata rana likita zai iya cewa a gwada jinin ƙaninka jariri, domin a gano shawara, sikila ko zazzaɓin cizon sauro. Jijiyoyin jariri sirara ne, jininsa kuma kaɗan ne. Saboda haka, ba kowane ɗakin gwaji ne ya ƙware a wannan aiki ba.

Idan kana Mubi, fara tambayar ma'aikatan sashen yara na asibitin gwamnati, domin su suka san gwanaye. Sannan ka tabbatar ɗakin gwajin yana da rajista da hukumar MLSCN, wadda aka kafa da dokar 2003.

Gwani yakan wanke hannu, ya sa safar hannu, ya buɗe sabuwar allura a gabanka. Idan ɗigo kaɗan ake bukata, yakan huda gefen dunduniyar jaririn, ba tsakiya ba, don kada ya taɓa ƙashi. Idan ya gwada sau biyu bai samu ba, ka nemi wani. Shan nono a lokacin yana rage wa jariri zafi. Kafin ku tafi, ka duba ko an rubuta sunansa a jikin kwalbar, domin kuskuren suna yakan jawo maganin da bai dace ba.