Yoga: Miƙe Jiki Irin Na Mutanen Indiya

Ya kai maigida, da ke uwargida, ga labarin wata hanyar motsa jiki da ake kira yoga. Asalinta daga ƙasar Indiya ne, ta fi shekara 2,000 a can. Abin da ta ƙunsa shi ne miƙe gaɓoɓi a hankali, da jan numfashi a sake shi sannu sannu. Ba gudu, ba tsalle, ba ɗaukar nauyi.

A biranen Indiya mutane kan taru da sassafe a lambun hukuma, kowa da 'yar tabarmarsa. Wanda ya iya ya tsaya a gaba yana yi, na baya suna kwaikwayonsa. Sau da yawa ba a biyan ko anini. A Ingila da Amurka ma akan buɗe wa 'yan koyo aji kyauta, sai a ajiye akwati a bakin ƙofa. Mai hali ya jefa abin da ya sawwaƙa, a tara a kai wa marayu ko majinyata. Marar hali ya shiga abinsa, ba mai tambayarsa. Cikin Disamba 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 21 ga Yuni ta zama ranar yoga. Da aka fara a 2015, mutum fiye da 35,000 suka yi tare a birnin Delhi.

Ka sani a wurin 'yan Hindu yoga tana haɗe da ibadarsu. Abin da likitoci suka tsamo daga ciki shi ne miƙe jiki da numfashi kaɗai, kuma a kansu takardar nan take magana.

Watakila ka ce, manomi da mai daka me za su yi da wani motsa jiki? Lalle aikinku ba kaɗan ba ne, amma na gefe guda ne. Mai fartanya a duƙe yake yini, mai ɗiban ruwa kuma tulu na danne mata wuya. Shi ya sa masu kukan baya da ƙugu ba sa yankewa a ɗakin magani, kowa kuwa allura yake so. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ke da ciwon baya a 2020, a 2023 kuma ta sa motsa jiki cikin hanyoyin jinyar wanda ya daɗe.

To, shimfiɗa tabarma da safe kafin ka karya kumallo. Ka yi rarrafe, ka tura bayanka sama kamar kyanwa ta ga kare, kana sakin numfashi. Sa'an nan ka sauke ciki ƙasa, ka ɗaga kai, kana jan numfashi. Yi haka sau 10. Bayan wannan ka kwanta rigingine, ka jawo gwiwoyinka zuwa ƙirji, ka riƙe har ka yi numfashi 5. Tsofaffi su dafa bango su tsaya da ƙafa ɗaya, kana su sauya, domin wannan yana rage musu faɗuwa. Minti 10 ya isa ɗan koyo. In ka ji zafi mai suka, tsaya. Jiki ba a yi masa dole. Mai juna biyu ta fara tambayar ungozomar asibiti.

Kada wani ya ruɗe ka cewa yoga tana warkar da ciwon sukari ko hawan jini har ka bar shan maganinka. Ba ta maye gurbin magani. In kuma ciwon bayan ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafa, ko fitsari yana zuba ba da saninka ba, wannan ba na tabarma ba ne. A kai ka asibiti ran nan, gama tarin fuka ma yakan kama ƙashin baya.